Tambaya da Amsa: Ina Za A Kai Ɗan Abin Da Aka Tara?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya: tsoron kada tattalin arziki ya durƙushe ya tafi da ɗan abin da iyali suka tara. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, mun taƙaita tambayoyin, mun kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne, na tara naira miliyan 3 a banki da niyyar fara gini. Yanzu kullum sai an turo mana saƙon murya a WhatsApp wai bankuna za su rufe, kowa ya kwashe kuɗinsa. Gidana na cin kimanin naira 200,000 a wata. In kwaso kuɗin in kawo gida? — Malami daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kwaso su, amma kuma kada ka bar su yadda suke.

Abu uku ne ke samun kuɗin ajiya, mutane kuwa sai su cakuɗa su. Ko dai bankin ya mutu, ko kuɗin suna nan amma an hana ka taɓa su, ko kuma suna nan cif, kana iya cirewa, sai dai abin da za su saya ya ragu. Masu saƙon murya da na farkon suke tsorata jama'a, alhali shi ne mafi sauƙi ga mai miliyan 3.

Ga dalili. Hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ɗaga iyakar abin da take biya a watan Mayun 2024. Yanzu naira miliyan 5 ne ga kowane mai ajiya a babban banki, har da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, sannan miliyan 2 a ƙananan bankunan tallafa wa masu ƙaramin jari. Lissafin na mutum ɗaya ne a banki ɗaya: in kana da asusu uku a banki guda, haɗa su za a yi. An gwada wannan a zahiri lokacin da Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin Heritage Bank ranar 3 ga Yuni 2024. Waɗanda ajiyarsu ba ta wuce miliyan 5 ba, da lambar BVN aka nemo asusunsu na wasu bankuna aka zuba musu kuɗinsu. Waɗanda suka sha jira su ne marasa asusu a wani banki, da waɗanda bayanansu ba su dace da juna ba. Masu fiye da miliyan 5 kuwa, rarar sai da aka fara sayar da kadarorin bankin. Kason farko da aka raba a Afrilun 2025 kwabo 9.2 ne a kan kowace naira.

Saboda haka aikinka na wannan makon shi ne ka buɗe asusu na biyu a wani banki dabam, ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a BVN da NIN da duka asusun, lambar wayar da ke jikinsu kuma tana hannunka. Ka riƙa motsa asusun na biyu ko da sau ɗaya a 'yan watanni, don kada ya kwanta.

Na biyun, wato kulle ƙofa, mun gan shi da idonmu a farkon 2023 lokacin canjin takardun 200 da 500 da 1,000. Abin lura shi ne wannan wahala ba ta bar kowa ba. Wanda ya jibge tsofaffin takardu a gida ya kwana a layin banki yana neman shigar da su kafin wa'adi. Wanda duk kuɗinsa ke banki ya rasa na cefane, yana sayen naira da naira a wajen masu POS. Wanda ya ɗan samu sauƙi shi ne mai ɗan tsaba a hannu, musamman ƙananan takardu na 100 da 50 da canjin bai shafa ba, kuma yana da asusun da ke aiki a waya. Kuɗin cefanen wata guda a gida ya isa. Abin da ya wuce haka ka ajiye wa ɓarawo ne da gobara da gara, kuma babu hukumar da ke biyan wannan asara.

Na ukun ne ya fi ɓarna, shi ne kuma ba a yi masa saƙon murya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'anarsa, naira 100,000 da ta kwana shekara a asusu ta koma sayen abin da naira 74,000 ke saya a bara. Babu bankin da ya rufe, babu wanda ya taɓa maka ko kwabo.

To ga yadda muke ganin rabon. Naira 200,000 a gida. Kuɗin wata huɗu, wato 800,000, a raba su bankuna biyu don rashin lafiya ko jinkirin albashi. Sauran miliyan 2 kuwa ai ka riga ka faɗi aikinsu: gini. In filin yana hannu, ka mayar da su abin da ba ya lalacewa da wuri, kamar rodi da kwanon rufi da bulo da aka buga aka shayar da shi ruwa sosai, ko ka zuba harsashi. Ban da siminti: bayan wata uku a ajiye ƙarfinsa ya fara raguwa, in ya ji danshi kuma ya daskare. In akwai bashi a kanka ko kuɗin haya da ke tafe, su ne a gaba da rodi.

Tambaya: Na karɓi rabona na gadon mahaifinmu. Ƙawayena sun ce in zuba duka a gwal, wai shi ba ya faɗuwa. Ban taɓa saye don ajiya ba, sai don kwalliya. Me zan duba? — Uwargida daga Katsina

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifi. Gwal ajiya ce mai kyau, iyayenmu mata ba su yi wauta ba da suka riƙe shi. Sai dai cewa ba ya faɗuwa ba daidai ba ne. A 2011 oza ɗaya ta kai wajen dalar Amurka 1,900, zuwa ƙarshen 2015 ta sauko kusan 1,050, kuma sai a 2020 ta sake taka tsohon matsayinta. A 2025 ya yi tashin da ya haye dala 4,000. Wanda ya sayi abu bayan irin wannan tashi ya san cewa saukowa ma tana yiwuwa. Shi ya sa kuɗin da za ki buƙata nan da shekara ɗaya ba na gwal ba ne, kuma gara ki saya kashi-kashi cikin watanni da ki saya rana ɗaya.

Kafin ki shiga kasuwa ki san farashin da ya kamata. Oza ɗaya giram 31.1 ce. Ki raba farashin oza na ranar da 31.1, ki samu kuɗin giram na tsantsar gwal. Sai ki ninka da tsarkin wanda za ki saya: karat 18 kashi 75 cikin ɗari ne gwal, karat 21 kashi 87.5, karat 22 kashi 91.6. Sannan ki ninka da canjin dala. Misali kawai: in oza tana dala 4,000, dala kuma tana naira 1,500, giram na karat 21 zai kama kimanin naira 169,000. Duk abin da mai shago ya ɗora a kan wannan kuɗin aiki ne da ribarsa, kuma ranar da za ki sayar ba za a mayar miki da su ba. A nan ne yawancin mata ke yin asara ba su sani ba.

Don haka gwal na ajiya dabam yake da na biki. Ki nemi mai nauyi marar ado: awarwaro lafiyayye, sulalla, ko sarƙa mai kauri. Ki guji mai duwatsu, domin a ranar saye da nauyinsu za a auna miki, a ranar sayarwa kuma a ɓamɓare su kafin a ɗora a sikeli. Ki guji awarwaron da cikinsa rami ne, yana lotsewa, wani lokacin ma ana cusa wani abu a ciki don ya yi nauyi. Lambar da aka buga a jiki, 750 ko 875 ko 916, alama ce kawai, ana buga ta a jabu. Maganaɗisu na tona wanda aka haɗa da baƙin ƙarfe, amma ba ya kama tagulla, saboda haka rashin kamawarsa ba shaida ba ce. A goga a dutsen gwaji a ɗiga ruwan gwaji a gabanki, ko a sa a na'ura, sannan ki kai wani shagon dabam a sake aunawa a ranar. Rasit ya nuna nauyi da karat da kwanan wata. Kafin ki biya, ki tambayi mai shagon nawa zai saya in kin dawo da shi gobe. Bambancin da ya faɗa shi ne ainihin kuɗin da kika biya don ajiyar.

Kada ki yarda da gwal na takarda, wato a ce ki ba da kuɗi ko ki ajiye gwal ɗinki a wani kamfani a riƙa ba ki riba duk wata. Gwal ba ya haihuwa. A Ghana kamfanin Menzgold ya yi wannan alkawari, hukuma ta dakatar da shi a 2018, dubban mutane suka rasa dukiyarsu. A shari'a ma cinikin gwal hannu da hannu ne.

Sauran abu biyu. Gwal da aka ajiye a matsayin dukiya, in ya kai nisabi na giram 85 kuma shekara ta zagayo, akwai zakka ta kashi 2.5 cikin ɗari. Hukuncinsa dabam da na kwalliyar da ake sawa, sai ki zauna da malami a lissafa. Sannan maɓoyarsa: kada a yi ta nunawa a gidajen biki, amma lalle mutum ɗaya amintacce ya san inda yake, a kuma rubuta adadinsa. Dukiya da yawa ta salwanta ne don mai ita ta rasu ba wanda ya san wurin.

Tambaya: Barkanku da aiki. Ina fataucin kaya tsakanin Maraɗi da Katsina, jarina rabi sefa ne rabi naira. Ana ta raɗe-raɗin za a bar sefa, naira kuma kun ga halinta. In mayar da komai dalar Amurka? — Ɗan kasuwa daga Maraɗi

Amsa: Barka kadai, Alhaji. A'a, ba komai ba.

Sefa ta fi naira zama wuri ɗaya domin a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a yuro guda. Wannan ɗauri hukunci ne na gwamnatoci, kuma an taɓa kwance shi: a Janairun 1994 aka karya darajarta da rabi a dare ɗaya, faran ɗin Faransa da ke sefa 50 ya wayi gari sefa 100. Kun kuma ga ɗaya matsalar bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, lokacin da takunkumi ya sa tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a bankuna aka taƙaita cirewa. Darajar sefa ba ta faɗi ba a lokacin, samunta ne ya yi wuya.

Dala ma tana ƙona hannu. Waɗanda tsoro ya kora suka saya a kusan naira 1,900 a kasuwar 'yan canji a Fabrairun 2024, zuwa Afrilu sun gan ta a wajen 1,100. Wanda ya iya haƙuri ya rage asara daga baya, amma wanda buƙata ta tilasta masa sayarwa ya ji a jikinsa. Ranar da kowa ke neman dala ita ce ranar da ta fi tsada.

Jarin kasuwanci ya zauna a cikin kaya masu saurin fita, da kuɗin ƙasar da kake saro su. Abin da za ka kiyaye shi ne farashin sayarwa: ka sa shi bisa kuɗin da za ka sake saro kayan yau, ba bisa yadda ka saro su wata biyu da suka wuce ba. 'Yan kasuwa da yawa sun ga riba a littafi a 2023, da suka koma sari sai kuɗin ya kawo musu kashi biyu cikin uku na kayan da suka saba ɗauka. Ka kuma rage ba da bashi mai dogon wa'adi. Dala ta dace da abin da dama da ita za a biya, kamar guzirin aikin Hajji, kuɗin makarantar yaro a waje, ko sarin kaya daga Dubai da Sin, sai kuma wani ɗan kaso na ajiyar gida da ake saye kaɗan-kaɗan.

In za ka riƙe takardar, ka karɓi 'yar ɗari sabon bugu mai shuɗin zare, wadda ta fito a 2013. Zaren saƙa shi aka yi a cikin takardar, in ka karkata ta za ka ga ƙararrawa da lambar 100 suna motsi. Ƙararrawar da ke cikin kwalbar tawada tana sauya launi daga jan ƙarfe zuwa kore. Kafaɗar mutumin da ke jiki kuma tana da kaushi in ka shafa. Tsohon bugu da ƙananan takardu da masu tabo ko yagewa, 'yan canji na rage musu farashi ko su ƙi karɓa. A nannaɗe su a leda mai rufewa, nesa da danshi, kada a ɗaure da roba domin tana narkewa ta bar tabo.

Asusun dala a banki yana maganin ɓarawo da jabu, amma a ƙasashen da abin ya ɓaci da gaske shi aka fara kullewa. A Ajantina, a Disambar 2001, an hana cire fiye da feso 250 a mako, daga baya aka mayar da ajiyar dala feso a kan 1.40 kowace dala, ba a jima ba kuma a kasuwa ta haura 3. A Labanon tun ƙarshen 2019 masu ajiyar dala ke fama da bankuna. Ba muna cewa haka za ta faru a nan ba ne. Muna cewa kada dalar ma ta taru wuri ɗaya.

Tambaya: Mu goma ne a gida. Ina tunanin da kaka ta yi in sayi abincin shekara gaba ɗaya, har in ƙara wasu buhuna in sayar da bazara. Bara na gwada da wake, ƙwari suka cinye. — Magidanci daga Azare

Amsa: Malam, rabin farko na shawararka shi ne mafi inganci a duk abin da ke shafin nan, domin hatsin da iyalinka za su ci ba ruwansa da canjin dala ko layin banki. Rabi na biyun kasuwanci ne, za mu zo kansa.

Fara da awo, ba da kintace ba. A ƙirga kwanon da ake ɗiba a mako biyu. In gidan na cin kwano ɗaya da rabi kullum, shekara ta kama wajen kwano 550, a buhu mai kwano 40 kusan buhu 14 ke nan, a raba tsakanin gero da dawa da masara da shinkafa yadda kuka saba ci. Gero da dawa sun fi jure ajiya. Masara da wake su ne abincin ƙwari. Kada a niƙa da yawa, gari ba ya daɗewa kamar tsaba.

Abin da ya fi lalata ajiya danshi ne. Hatsin sabuwar kaka sau da yawa bai gama bushewa ba, wani ma an yayyafa masa ruwa don nauyi. Ana so danshin masara ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari ko ƙasa. Gwajin gida: ka samu busasshiyar kwalba mai murfi, ka zuba hatsi zuwa kashi ɗaya cikin uku, ka ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe ƙarau, ka rufe ka girgiza minti ɗaya, ka bar shi kwata. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da saura. A sake shanyawa a kan tamfol, ba a ƙasa ba. Masara ko gyaɗar da aka rufe da danshi tana yin fumfuna, fumfunar kuma na haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa.

Maganin ƙwarin waken naka shi ne hana su iska. Buhun PICS mai hawa uku don haka aka yi shi: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Kafin ka zuba, ka cika kowace leda da iska ka matse ka ji ko tana tsiyaya. Huji ɗaya ya isa ya ɓata aikin. A sheƙe waken a fitar da tsakuwa da kara masu huda leda. A sa leda cikin leda cikin buhu, a zuba ana girgizawa, a bar kamar taki ɗaya a sama. Sai a matse iska, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa shi, a ɗaure. Sannan ta biyu ita kaɗai. Sannan buhun waje. Masu ɗaure ukun a haɗe su ne ke dawowa su ce buhun ba ya aiki. Ƙwarin da ke ciki za su shaƙe sauran iskar su mutu, saboda haka kada a yi ta buɗewa ana leƙawa, musamman a watanni biyun farko. Jarka ko duro mai murfin da ke kamawa sosai ma na yin wannan aiki, in an cika shi har baki. A ɗora buhuna a kan katako, kada su jingina da bango, a kuma toshe hanyar ɓera, shi ne babban abokin gabar leda.

Gargaɗi da babbar murya: kada a zuba fiya-fiya ko wani maganin feshi a cikin abinci. Ƙwayar Phostoxin kuwa iska mai guba take fitarwa da zarar ta ji danshi, tana ratsa buhu da tsagar ƙofa, kuma tana kisa. Ba a sa ta a ɗakin da ake kwana ko wanda ya haɗa bango da rufi da shi. Mai buhun da ba ya shan iska ba ya buƙatarta sam.

Yanzu batun sayarwa da bazara. An saba hatsi ya yi araha da kaka ya tashi da damina, amma ba doka ba ce. Bayan tsadar 2024 gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da masara da shinkafa da alkama da wake ba haraji na kwana 150, a 2025 kuma farashi ya sauko sosai. Da yawa daga waɗanda suka saya da tsada suka ajiye sun sayar ƙasa da yadda suka saya, ga kuɗin sito da dako. Mai ajiyar ci in farashi ya faɗi ya ci abinsa. Mai ajiyar riba da kuɗin aro shi ke shiga uku. Ka kuma tuna ɓoye abinci da yawa lokacin da jama'a ke cikin ƙunci abu ne da addini ya hana, hukuma ma na sa ido. A Fabrairun 2024 an rufe wasu rumbuna a Dawanau kan wannan zargi.

Tambaya: Na yi ritaya an biya ni garatuti. Ba na son kuɗin ruwa. An ce mini akwai Sukuk na gwamnati. Shin yana kare kuɗi? — Tsohon ma'aikaci daga Zariya

Amsa: Baba, yana rage zafi, ba ya karewa gaba ɗaya. Ofishin kula da basussuka na ƙasa, DMO, shi ke fitar da shi. Kuɗin na tafiya gina hanyoyi, gwamnati na biyan haya duk wata shida, a ƙarshen wa'adi a mayar da uwar kuɗi. Ana shiga da naira 10,000 zuwa sama, ta banki ko dillalin hannun jari mai rajista. Na farko ya fito a Satumbar 2017, naira biliyan 100, shekara bakwai, haya kashi 16.47 a shekara. Na 2025 kashi 19.75 ne.

Duba lissafin na farkon. Wanda ya sa miliyan 1 ya karɓi hayar da ta haura miliyan 1 da dubu 150 cikin shekara bakwai, ba laifi. Amma miliyan ɗayar da ya bayar a 2017 ta kai dala 2,700, wadda aka mayar masa a 2024 kuwa ba ta wuce dala 650 ba. Ya fi wanda ya bar kuɗinsa kwance nesa ba kusa ba, sai dai bai tsira ba. In buƙata ta taso kafin wa'adi ana iya sayarwa ta hannun dillali, amma a farashin kasuwa na ranar, wanda kan iya gaza abin da aka sa. Kuma bashin gwamnati ma ba a rantse masa: a Disambar 2022 Ghana ta nemi masu riƙe da takardun bashinta su musanya su da masu dogon wa'adi da ƙarancin riba, sai da 'yan fansho suka yi zaman dirshan a ma'aikatar kuɗi kafin a tsame su. Ga mai ritaya da ke son abin da zai riƙa shigowa, kashi ɗaya cikin uku na garatutin ya wadatar a nan.

Tambaya: Fili ko dabbobi, wanne ya fi? — Direba daga Kaduna

Amsa: Ya danganta da yaushe za ka nemi kuɗin. Fili na riƙe daraja, amma ranar da ka matsu, musamman in kowa ma ya matsu, sai ka karya shi kafin ka samu mai saye. Kafin ka biya, ka kai lambar filin KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, a bincika, ka ji ta bakin mai unguwa da maƙwabta ba tare da dillali ba, in na gado ne dukkan magada su sa hannu, ka kuma je ka gan shi da damina. Bayan saye ka kafa alama ko ka zagaye shi. Filin da aka bari fayau shi ake sayarwa sau biyu.

Dabba kuwa tana sayuwa a ranar kasuwa ɗaya, amma kullum sai ta ci. In ba ka tanadi harawa da dusa da ɓawon wake tun kaka ba, ribar ta tafi a abinci. Tumaki da awaki a yi musu rigakafin cutar PPR, sabuwar saye kuma a ware ta mako biyu zuwa uku kafin ta shiga garke. Kai da kullum kana kan hanya, in babu mai kula a gida, bar batun kiwo.

Tambaya: Wata a unguwarmu ta kawo wani tsari na waya, ana sa dubu 100 a karɓi dubu 130 bayan wata. Ta ce gara haka da adashenmu da naira ke cinyewa. — 'Yar adashe daga Kano

Amsa: 'Yar'uwa, wannan shi ne gudun gara a faɗa wa zago. Babu halastacciyar sana'a da ke ba da kashi 30 duk wata ba faɗuwa. Kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi, ranar da shiga ta ragu a rufe. Haka MMM ta yi a Disambar 2016, haka CBEX ta yi a Afrilun 2025. Biyan da aka yi wa maƙwabciyarki ba hujja ba ne, shi ne tallar. Rajistar kamfani ma ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce. Wannan sai daga SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, ko Babban Banki.

Amma ta faɗi gaskiya ɗaya game da adashe. In ku 12 ne kuna zuba 20,000 a wata, kwasa 240,000 ce. In kaya sun tashi da kashi 30 a shekarar, ta ƙarshe abin da ke hannunta bai wuce ƙarfin 185,000 ba. Gyaran shi ne ku rage zagayen zuwa wata biyar ko shida, ku yi ƙuri'a a kan jerin ɗauka, wadda ta zo ƙarshe a wannan zagaye ta zama ta farko a na gaba. Kowace ta san abin da za ta saya tun kafin kwasarta ta zo, ta saye shi a makon. Uwar adashe ta riƙe littafi, wata dabam ta riƙe kwafinsa, kuma kuɗin su tashi daga hannun masu zubi zuwa mai ɗauka a rana ɗaya, kada su kwana.